Bizar ritaya ta ƙasar Tailan

Bizar ritaya ta ƙasar Tailan suna ne da ake kiran wasu nau'o'in izinin dogon zama da gwamnatin Tailan ke bai wa baƙi da suka kai shekara 50 da haihuwa, waɗanda ke son zama a ƙasar ba tare da yin aiki ba. Nau'o'in da aka fi sani guda huɗu ne: O, O-A, O-X da LTR. Kowanne yana da nasa sharaɗin kuɗi, da tsawon wa'adi, da ƙa'idar inshorar lafiya. Tushen yawancin waɗannan ƙa'idoji shi ne dokar shige da fice ta shekarar 1979, wadda hukumar shige da fice, wani reshe na rundunar 'yan sandan ƙasar, ke aiwatarwa.

Tailan na cikin ƙasashen Asiya da 'yan fansho daga Turai, Amurka, Ostareliya da Japan suka fi komawa da zama, saboda sauƙin rayuwa, da rashin sanyi, da yawan asibitoci masu zaman kansu. Garuruwan da suka fi taruwa sun haɗa da Bangkok, Chiang Mai, Pattaya, Hua Hin da tsibirin Phuket, sai kuma yankin Isan na arewa maso gabas, inda da yawa daga cikin masu auren 'yan ƙasar ke zaune. Baƙon da ya yi ritaya ba ya cikin tsarin kiwon lafiya na gwamnati da 'yan ƙasa ke amfana da shi, shi ya sa batun biza da batun kuɗin asibiti suke tafiya tare.

Nau'in O

Wannan ita ce hanyar da mafi yawan masu ritaya ke bi. Da farko ana samun biza ta kwana 90, ko dai daga ofishin jakadancin Tailan a waje, ko ta hanyar sauya bizar yawon buɗe ido a cikin ƙasar. Kafin kwanakin su ƙare, mutum zai je ofishin shige da fice na lardin da yake zaune ya nemi ƙarin wa'adi na shekara ɗaya. Kuɗin wannan ƙari baht 1,900 ne, kuma duk shekara ake sabunta shi.

Ana cika sharaɗin kuɗi ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ta farko, ajiyar baht 800,000 a wani bankin Tailan da sunan mai nema. Ta biyu, kuɗin shiga na aƙalla baht 65,000 a kowane wata. Ta uku, haɗa ajiya da kuɗin shiga na shekara har jimlarsu ta kai baht 800,000. Misali, wanda fanshonsa ya kai baht 40,000 a wata yana samun baht 480,000 a shekara, don haka sai ya ajiye baht 320,000 a banki kafin lissafin ya cika.

Daga ranar 1 ga Maris 2019 aka ƙara tsaurara ƙa'idar ajiya. Dole kuɗin su kasance a cikin asusu wata biyu kafin a nemi ƙarin wa'adi, su ci gaba da zama cif har wata uku bayan an ba da shi, sannan a sauran watannin shekara kada su gaza baht 400,000. Abin da wannan ke nufi shi ne rabin kuɗin ba ya taɓuwa ko kaɗan muddin mutum yana son a sabunta masa izini, ko da kuwa rashin lafiya ta taso.

A farkon shekarar 2019 ofisoshin jakadancin Birtaniya, Amurka da Ostareliya da ke Bangkok suka daina ba da takardar shaidar kuɗin shiga. Tun daga lokacin, 'yan waɗannan ƙasashe da ke bin hanyar kuɗin wata-wata sai sun nuna bayanan banki da ke tabbatar da cewa kuɗin na shigowa Tailan daga waje kowane wata.

Nau'in O ba ya buƙatar inshorar lafiya. Wannan ya sa tsofaffin da kamfanonin inshora suka ƙi karɓa suke karkata gare shi, amma kuma shi ne nau'in da ya fi barin mai shi ba tare da kariya ba idan ya kwanta asibiti.

Wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa yana da wata hanya dabam. Namijin da ya auri 'yar Tailan yana iya neman ƙarin wa'adi bisa dalilin aure, da ajiyar baht 400,000 ko kuɗin shiga na baht 40,000 a wata, kuma babu sharaɗin shekaru.

Nau'in O-A

Ana neman wannan biza ne daga ƙasar da mutum ya fito ko inda yake da izinin zama, kafin ya taho Tailan. Adadin kuɗin da ake buƙata ɗaya ne da na nau'in O, sai dai a karon farko ana karɓar ajiyar da ke bankin ƙasar mai nema. Bizar tana aiki na shekara ɗaya, ana iya shiga da fita da ita sau da yawa, kuma a kowace shiga ana buga wa mutum izinin zama na shekara ɗaya. Saboda haka wanda ya fita ya dawo dab da ƙarewarta yana iya samun zaman da ya kusa shekara biyu, matuƙar inshorarsa tana aiki har zuwa lokacin.

Bayan kuɗi, ana buƙatar takardar 'yan sanda da ke nuna mutum ba shi da tarihin aikata laifi, da takardar likita da ke nuna ba ya ɗauke da cututtuka biyar da dokar ƙasar ta hana shiga da su: kuturta, tarin fuka, tundurmi, tunjere da ya kai mataki na uku, da jarabar miyagun ƙwayoyi.

Daga ranar 31 ga Oktoba 2019 inshorar lafiya ta zama dole ga masu wannan biza. Da farko an buƙaci inshorar da za ta biya baht 40,000 na ganin likita ba tare da kwanciya ba, da baht 400,000 na kwanciya asibiti. A shekarar 2021, lokacin annobar korona, aka ɗaga adadin zuwa baht miliyan 3, ko dalar Amurka 100,000. Dalilin da hukumomi suka bayar na kafa wannan sharaɗi shi ne bashin da baƙi ke barin wa asibitocin gwamnati bayan an yi musu magani.

Nau'in O-X

An fara ba da wannan biza a shekarar 2017. Wa'adinta shekara 5 ne, ana iya ƙara wasu 5. 'Yan ƙasashe 14 kaɗai ke iya nema: Japan, Ostareliya, Denmark, Finland, Faransa, Jamus, Italiya, Holan, Norway, Sweden, Switzerland, Birtaniya, Kanada da Amurka. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin jerin.

Mai nema zai ajiye baht miliyan 3 a bankin Tailan, ko kuma baht miliyan 1.8 tare da kuɗin shiga na baht miliyan 1.2 a shekara, da sharaɗin ajiyar ta cika miliyan 3 cikin shekara guda. Bayan kuɗin sun shekara a asusu ana iya cire wani abu, amma kada ragowar ta gaza baht miliyan 1.5. Inshorar lafiya dole ce. Saboda yawan kuɗin da ake ɗaurewa, masu neman wannan nau'i ba su kai na sauran yawa ba.

Nau'in LTR

Gwamnati ta ƙaddamar da bizar LTR a ranar 1 ga Satumba 2022, kuma hukumar zuba jari ta ƙasar ce ke tantance masu nema. Wa'adinta shekara 10 ne, a kashi biyu na shekara biyar-biyar, kuɗinta kuma baht 50,000. Tana da rukunoni da dama, ɗaya daga ciki na 'yan fansho masu hali ne.

Mai nema a wannan rukuni dole ya kai shekara 50, yana kuma samun dala 80,000 a shekara daga fansho, haya, riba ko makamantansu, ba daga albashi ba. Wanda abin da yake samu ya kai dala 40,000 amma bai kai 80,000 ba yana iya cikewa da jarin dala 250,000 a Tailan, a takardun lamuni na gwamnati, ko gida, ko kamfani. Ta fuskar lafiya ana buƙatar inshorar dala 50,000, ko ajiyar dala 100,000 a banki a madadinta. Wannan zaɓi na biyu yana taimaka wa tsofaffin da ba za su iya samun inshora ba.

Mai LTR sau ɗaya yake kai rahoton kansa a shekara, ba ya buƙatar izinin sake shiga, kuma an yafe masa haraji a kan kuɗin da ya shigo da su daga waje. Yana iya ɗauko matarsa ko mijinta da 'ya'yan da ba su kai shekara 20 ba.

Akwai kuma shirin Thailand Privilege, wanda aka fara a 2003 da sunan Thailand Elite kafin a sauya masa suna a 2023. Ba bizar ritaya ba ce, domin babu sharaɗin shekaru. Mutum yana biyan kuɗin zama mamba a dunƙule, ya samu izinin zama na shekara 5 zuwa 20 gwargwadon abin da ya biya. Waɗanda suka daina aiki kafin su kai shekara 50 suna amfani da shi.

Wajibai bayan samun biza

Babu ɗaya daga cikin nau'in O na ritaya, O-A da O-X da ke ba da damar yin aiki. Wanda aka kama yana aiki ba tare da izini ba yana fuskantar tara da kora.

Baƙon da ya zauna kwana 90 a jere dole ya sanar da hukumar shige da fice adireshinsa, da kansa, ko ta wakili, ko ta wasiƙa, ko ta intanet. Ana amfani da fom mai lamba TM.47, kuma tarar jinkiri baht 2,000 ce. Mai gida ko mai otal shi ma doka ta wajabta masa sanar da hukuma cikin awa 24 idan baƙo ya sauka a wurinsa, da fom TM.30.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne fita daga ƙasar ba tare da izinin sake shiga ba. Wanda yake kan ƙarin wa'adi na shekara ɗaya, idan ya fita ba tare da wannan izini ba, wa'adin nasa ya mutu, sai ya sake komai daga farko. Kuɗin izinin baht 1,000 ne na fita ɗaya, baht 3,800 na fita da yawa.

Wanda ya wuce wa'adinsa yana biyan tarar baht 500 a kowace rana, har iyakar baht 20,000. Daga watan Maris 2016 aka ƙara da hukuncin hana shiga ƙasar. Wanda ya miƙa kansa bayan ya wuce da fiye da kwana 90 za a hana shi shiga na shekara ɗaya, kuma hukuncin na ƙaruwa har zuwa shekara 10 gwargwadon daɗewarsa. Wanda aka kama shi kuwa, hanin yana farawa ne daga shekara 5. Wannan ya shafi tsofaffi ta wata fuska ta musamman: wanda ya kwanta jinya ko ya fara mantuwa yana iya wuce wa'adi bai sani ba, idan babu mai bin takardunsa.

Sabunta izinin ritaya shekara da shekaru ba ya mayar da shi izinin zama na dindindin. Kowace shekara sai an sake cika sharuɗan da ke aiki a lokacin.

Asibitoci da kuɗin magani

Tailan ta kafa tsarin kiwon lafiya na bai-ɗaya a shekarar 2002, wanda aka fi sani da tsarin baht 30, amma na 'yan ƙasa ne. Baƙin da ke aiki suna shiga tsarin inshorar ma'aikata. Mai ritaya ba ya cikin ko ɗaya, don haka ko dai ya biya daga aljihunsa ko inshora ta biya masa.

Asibitocin gwamnati sun fi araha, amma akwai cunkoso da dogon layi, kuma ba kowane ma'aikaci ke jin Turanci ba. Tun 2019 ma'aikatar lafiya ta ba su damar cajin baƙi fiye da 'yan ƙasa, kuma masu ritaya da 'yan yawon buɗe ido na cikin rukunin da ya fi biya. Manyan asibitoci masu zaman kansu suna da kayan aiki na zamani da tafintoci. Asibitin Bumrungrad da ke Bangkok shi ne na farko a Asiya da ya samu shaidar inganci ta JCI, a shekarar 2002. Ganin likita da gwaje-gwaje na yau da kullum ba su kai na Amurka tsada ba, amma tiyatar zuciya, maganin ciwon daji, wankin ƙoda ko doguwar kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman suna iya cinye ajiyar mutum. Asibitoci masu zaman kansu kan nemi kuɗin kafin alƙalami ko tabbaci daga kamfanin inshora kafin a fara babban aiki.

Tsarin lafiyar ƙasar da mutum ya baro galibi ba ya biyo shi. Medicare na Amurka ba ya biyan maganin da aka yi a Tailan. Tsarin NHS na Birtaniya kuma ya dogara ne a kan zama a ƙasar, don haka ɗan Birtaniya da ya tare a waje yana iya rasa damar jinya kyauta idan ya je gida ziyara.

Matsalar inshora

Inshorar lafiya tana ƙara tsada yayin da shekaru ke ƙaruwa, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar sabon mai nema da ya haura shekara 70 ko 75. Kusan dukkansu suna cire cututtukan da mutum ya zo da su, kamar hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya, da duk abin da ya samo asali daga gare su. Saboda haka mai hawan jini da ya samu shanyewar ɓarin jiki yana iya tarar da cewa inshorarsa ba za ta biya ba. Ɓoye wata cuta a lokacin cike fom yana ba kamfani damar soke yarjejeniyar gaba ɗaya.

Wasu suna sayen inshora mai arha da ke ɗora musu biyan kaso mai yawa na farko, don kawai su cika sharaɗin biza. Irin wannan tana gamsar da hukuma, amma ba ta sauke wa mai ita nauyin yawancin kuɗin asibiti. Inshorar matafiya kuma an tsara ta ne don gajeriyar tafiya, ba ta maye gurbin ta mazauni.

Cututtuka da haɗurra

Haɗarin hanya na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a Tailan, kuma mafi yawan masu mutuwa masu babur ne. Ana tuƙi ta hannun hagu. Kamfanonin inshora kan ƙi biya idan wanda ya yi haɗari ba shi da lasisin babur, ko bai sa hular kwano ba, ko ya sha giya.

Zazzaɓin dengi, wanda sauro mai cizo da rana ke yaɗawa, yana ƙaruwa a damina, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ana samun sa har a cikin birane. Ya fi tsanani ga tsofaffi da masu wata cuta a jiki. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi yawa a dazuzzukan kan iyaka. Ana samun cutar haukan kare a tsakanin karnukan titi, don haka duk cizo ko yaƙushi yana buƙatar allura ba tare da jinkiri ba.

A arewacin ƙasar, musamman Chiang Mai da Chiang Rai, hayaƙin ƙona gonaki da daji yana turnuƙe sama daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ƙananan ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5 suna shiga har cikin huhu, suna tayar da asma da ciwon zuciya. Wasu mazauna kan koma bakin teku a kudu har sai ruwan sama ya sauka. Watan Afrilu shi ne ya fi zafi, kuma tsofaffi masu shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari sun fi fuskantar ƙarancin ruwa a jiki.

Tailan tana neman takardar shaidar allurar rigakafin cutar shawara daga duk wanda ya fito daga ƙasashen da ake samun cutar. Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna cikin jerin.

Wasu magungunan da ake sha a wasu ƙasashe suna ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi a Tailan. Masu ƙarfi irin su mofin da kodin suna buƙatar izini daga hukumar abinci da magunguna ta ƙasar kafin a shigo da su, tare da takardar likita. Lambar kiran motar asibiti ita ce 1669, ta 'yan sandan kula da baƙi kuma 1155.

Tsufa da ƙarshen rayuwa

Da yawa daga cikin masu ritaya suna zuwa ne da ƙarfinsu, sannan tsufa ya riske su nesa da dangi. An buɗe gidajen kula da tsofaffi da masu cutar mantuwa domin baƙi, musamman a kewayen Chiang Mai, kuma kuɗinsu bai kai na Turai ba. Inshorar lafiya ta yau da kullum ba ta biyan irin wannan kulawa. Kaɗaici, shan giya fiye da kima da ciwon damuwa su ma matsaloli ne da ake samu a tsakanin waɗanda ke zaune su kaɗai ba tare da jin harshen ƙasar ba.

Sashe na 12 na dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2007 ya ba mutum damar rubuta wasiyyar cewa kada a tsawaita masa rai da na'urori idan ya kai gargara. Idan baƙo ya rasu, ana sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, amma kuɗin mayar da gawa gida yana kan iyali ko inshora. Wanda ya mutu bai bar wasiyya a kan dukiyarsa ta Tailan ba, magadansa sai sun bi ta kotu kafin su taɓa asusunsa.

Canjin kuɗi, haraji da mallakar gida

Sharuɗan nau'in O da O-A da baht aka ƙayyade su, fansho kuwa da kuɗin wata ƙasa ake biya. Idan baht ya yi ƙarfi, fanshon da ya kai 65,000 bara yana iya gazawa bana ba tare da an rage ko sisi ba. 'Yan fanshon gwamnatin Birtaniya suna da ƙarin matsala: wanda ke zaune a Tailan ba ya samun ƙarin shekara-shekara da ake yi wa na gida, fanshonsa yana tsayawa a inda yake. Masu zama a Filifin suna samun wannan ƙari saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Duk wanda ya zauna kwana 180 ko fiye a cikin shekara ana ɗaukarsa mazauni ta fuskar haraji. Daga ranar 1 ga Janairu 2024 hukumar tara haraji ta fara lissafa kuɗin shigar da aka samu a waje aka kawo Tailan a cikin abin da ake biya wa haraji, ko a wace shekara aka kawo su. Abin da mutum zai biya ya danganta da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin Tailan da ƙasarsa.

A ƙa'ida baƙo ba ya mallakar fili a Tailan. Yana iya mallakar ɗaki a benen haɗaka, da sharaɗin kason baƙi a ginin bai wuce kashi 49 cikin 100 na faɗinsa ba. Hayar fili ko gida da aka yi wa rajista kuma iyakarta shekara 30.